Ranar da na cire takalmi a cikin mota

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na shiga gidan da aka haife ni ta wayar hannu. Gidan hutun wani tsohon sarki ne a kan dutsen garinmu. Inna ce mai girkin gidan, ɗakinmu yana can baya a gindin wata tsamiya, inda aka binne cibiyata. Na zo Greensboro a Amurka neman abinci, takarduna na zama ba su fito ba sai bayan rasuwarta. Daga baya gidan ya zama kango, mutanensa suka watse.

Wata rana na ji an gyara shi ya koma otal. Na nuna wa 'yata hotunan, ta ce yana da kyau, da Turanci, ta koma kan wayarta. Ni kuwa tsamiyar nake nema, babu ita ko a hoto ɗaya. In an sare ta, ba ni da sauran komai a garin.

Da aka ba mu hutun rana a siton da nake aiki a titin Wendover, na shiga mota na kira otal ɗin ta bidiyo. Wata baiwar Allah ta ɗauka, na roƙe ta ta zaga da ni. Tana kaiwa bakin zaure na sunkuya na cire takalmana, don mu ba mu taɓa ƙetare wannan dokin ƙofa da takalmi ba. Sai daga baya na lura baƙi suna ta wucewa da nasu, ni kaɗai ne ba takalmi, a cikin mota, a Amurka.

Ta kai ni baya. Tsamiyar tana nan, har an zuba kujeru a inuwarta. Ɗakin Inna ya sha fenti, an sa masa lamba da katon gado. Na ce mata a nan aka haife ni. Ta yi mamaki cikin ladabi, ta ce duk ma'aikatan sabbi ne, ba wanda ya san mutanen da.

"Alhaji, in ajiye maka ɗakin? Kwana nawa za ka yi?"

Kaɗaici bai taɓa kama ni kamar lokacin ba. Na yi mata godiya, na ɗaure takalmana na koma aiki.

Ranar na gane ana gyara bango, itace ma yana jira, amma mutane ne gida. In suka tafi, ko a ɗakin da aka haife ka sai an tambaye ka kwana nawa za ka yi.