Takardar da na ɗauka ta korata ce

Har yau ban manta da safiyar Talatar da takardar ofishin bishop ta iso cocinmu a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, ba. A ƙarshen shekarun 1980 ne, ina shekara ta shida a matsayin mai kula da coci: buɗe ƙofa, shara, kunna abin ɗumama ɗaki, kaɗa ƙararrawa.

Ginin ya haura shekara ɗari. Jan bulo ne da hayaƙi ya mayar baƙi, ga doguwar hasumiya, ga kwamin baftisma na dutse a bakin ƙofa. Lokacin yaƙin duniya na biyu bam ya farfasa tagoginsa, sai ta gabas mai gilashi kala-kala ce kaɗai ta tsira. Mama Edith, tsohuwar Baturiya mai jera mana furanni, ita ta ba ni wannan tarihin, don a kwamin nan aka yi mata baftisma, a cocin kuma aka ɗaura mata aure. Kullum sai ta ce, "Bulus, ranar jana'izata kai za ka kaɗa min ƙararrawa."

Ina goge teburin Rabaran idona ya faɗa kan kalma ɗaya a takardar: redundant. Na san ta, da ita aka sallami maƙwabcina daga aiki. Na juya wurin Rabaran.

"Ranka ya daɗe, an yi min redundant ne?"

"Ba kai ba ne, Bulus. Kai za a mayar da kai wani cocin."

Na ce na gode Allah, har da dariya. Ban lura Mama Edith na bakin ƙofa da furanninta ba.

Rabaran ya ce, "Cocin aka yi wa." Ashe haka suke cewa idan masu ibada sun ragu, za a rufe gini a sayar. Ta ajiye furannin a kan benci, ta fita.

Bayan wata takwas aka yi sujada ta ƙarshe, aka sauke ƙararrawar. Mama Edith kuma ta rasu da sanyin shekarar. A wani ɗan ɗaki na maƙabarta aka yi mata addu'a, ba ƙararrawa. Na tsaya a baya, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Ku da kuka shigo aikin kula da coci yanzu, ku sani makullin da ke hannunku na rayuwar wasu ne. Ginin yana nan, an yanka shi flat-flat, ƙananan gidajen zama. Ban taɓa samun damar ba ta haƙuri a kan dariyar nan ba.