Ruwan Rijiyarmu a Gaban Liman

A lungunmu na Maamobi, bayan masallacin da ke kallon babbar gota, wato magudanar ruwa, akwai wata rijiya da kakanninmu suka haɗu suka haƙa tun unguwar tana fili. Ba ta kowa ba ce. Bahaushe ya ja, Dagomba ya ja, Zabarma ya ja, har matan ƙabilar Ga da ke haya a ƙarshen lungu sukan zo da bokitansu. Famfo a wajenmu ba abin dogaro ba ne, yau ya kawo, gobe ya ɗauke sai an manta da shi, don haka rijiyar ce ta riƙe mu. Da ruwanta ake cika butocin masallaci. Da shi kuma mahaifiyata, wadda muke kira Mma, take jiƙa gero ta dama kokon da ta rene mu da shi bayan rasuwar babanmu.

Kokon Mma ya yi suna. Direbobin trotro, motocin haya na cikin gari, sukan ajiye mota a bakin titi su shigo lungu su sha a tsaye, da ƙosai a hannu. Mace ce mai tsananin tsabta. In ƙuda ya sauka a bakin kofi, sai ta zubar ta sake wankewa, ko da mai saye yana gaggawa.

Ina sabuwar amarya, ina koyon ɗinki, wani Alhaji mai sayar da kayan gini ya sayi gidan da ke jikin rijiyar. Ya rushe ɗakunan baya, ya gina bayan gida da wurin wanka na haya. Ramin da ya haƙa, in ka tsaya a bakinsa kana iya miƙa wa mai jan ruwa guga. Mma ta same shi a wurin ma'aikata, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, ramin nan ya yi kusa da rijiya. Da an matsar da shi can gefen titi."

Bai ko juyo sosai ba. Ya ce, "Mai koko, ke dai je ki dama kokonki. Siminti zan sa, ba abin da zai fita."

Damina ta biyu ruwan ya fara canzawa. Da farko ɗan wari ne da sai ka kai hanci kusa. Sannan amai da gudawa suka shigo lungu. Gida bayan gida aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti, kuma jaririn wata maƙwabciyarmu, 'yar Dagomba mai sayar da gawayi, ya rasu. Ana cikin wannan tashin hankali Alhaji ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce wa maza, "Duk waɗanda suka kwanta, ku tambaye su da me suka karya. Za ku ji koko ne." Mijina yana wurin, shi ya kawo mini maganar.

Washegari ma'aikatan tsabta suka zo. Ina tsaye suka ɗauki tukunyar Mma cike da koko mai zafi, suka juye ta a gota, mutane suna kallo. Mma ta wanke tukunyar, ta kife ta a bayan ɗaki, ba ta sake hura wutar sana'a ba. Matar da ba ta iya zama minti guda ta koma zaman ɗaka. In za ta fita sai ta ja mayafi har goshi, domin yara sun sa mata sunan tsokana, kuma ta ji. Hawan jini ya kama ta, sannan ɓarin jiki ya shanye. Ba ta daɗe ba ta rasu.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan an rufe kokon ciwon bai tsaya ba sai da mutane suka daina shan rijiyar. Kowa ya gane, amma ba wanda ya buɗe baki. Alhaji ya kafa babban tankin roba a ƙofar gidansa, motar ruwa tana cika masa, mutanen da ya ɓata wa rijiya suka koma yin layi da jarkoki suna saye a hannunsa. Shi ya yi wa masallaci sabon rufi. Wa zai yi magana?

Ranar addu'ar Mma ya zo ya zauna a sahun gaba, ya aiko da buhun shinkafa cikin gida. Na sa aka ɗora buhun a baro aka mayar masa har ƙofar shagonsa. Mijina ya ce, "Ki bar shi da Allah." Na ce na bar shi da Allah, amma in Allah ya kawo mini shi, ba zan kau da kai ba.

Shekaru suka wuce. Na haihu, na buɗe shagon ɗinki, na fara furfura a gefen kai. Kullum sai na wuce ta gaban rijiyar, wadda yanzu sai masu wankin babur suke ja. Sai wata rana wata mota mai lasifika ta shigo unguwa tana shela da Hausa da Twi da Turanci: hukumar gari za ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a filin makarantar firamare, kan rijiyoyi da rafin da ya koma gota, kowa na da damar magana, kuma a nan za a zaɓi mutanen da za su riƙa kula da ruwan unguwa. Kafin yamma na ji sauran labarin a bakin masu kawo ɗinki. Alhaji yana neman shugabancin masu kula da ruwan. Yana so a ba shi izinin haƙa burtsatse ya fara ƙulla ruwan leda, kuma yana faɗa wa dattawa cewa tsohuwar rijiya lafiyarta ƙalau, murfi kawai take buƙata.

Na ajiye almakashi na zauna. Ban ji tsoro ba. Wani irin sanyi na ji a ƙirjina, irin na wanda ya daɗe a tsaye aka ce masa ga kujera.

Na bi matan lungu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce mazansu ba za su so ba. Wasu suka ce abin ya wuce. Mai gawayi, wadda jaririnta ya rasu, ta daɗe tana juya gwangwanin awo a hannunta, sannan ta ce da irin Hausarta, "Ni ba na iya magana gaban maza." Na ce ba sai ta yi magana ba, ta zo kawai ta zauna kusa da ni.

Ranar zaman, na kira mata uku suka tsaya a kaina, na zura guga na jawo ruwan rijiyar. Na cika sabuwar buta, na rufe, na sa ta a jaka tare da farin kwano.

An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Maza a gaba, mu a baya wajen rana. A kan tebur akwai wata jami'a daga hukuma, mace mai tabarau, ita ke jagorantar zaman, da tafinta a gefenta. Ga mai unguwa, ga ɗan majalisar unguwa, ga limaminmu, tsoho mai rawar hannu. Mutane suka yi ta tashi. Wani ya yi kukan masu zuba shara a gota. Wani ya ba da labarin ambaliyar da ta shiga ɗakinsa har ta ɗauke katifa. Wani mahauci ya rantse ba su ke zuba jini a rafi ba, aka yi dariya.

Sannan Alhaji ya tashi cikin farar babbar riga. Ya iya magana, ban taɓa hana shi wannan ba. Ya ce ruwa amanar Allah ce, ya ce shi ya daɗe yana shayar da unguwa. Jami'ar ta tambaye shi game da rijiyar da ke jikin bayan gidansa. Ya yi murmushi ya ce, "Ruwanta tsarkakakke ne. Matanmu ne dai suka koyi son jiki, ba sa son jan guga." Sahun gaba ya tafa masa.

Jami'ar ta duba baya ta ce ba ta ji muryar mata ba. Ɗan majalisa ya duba agogo ya ce la'asar ta kusa. Kafin ya rufe baki na miƙe da jakata. Na ratsa tsakanin kujerun maza har gaban tebur, ban kalli Alhaji ba. Na durƙusa gaban liman.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni ta addini."

Ya ce, "Ina jin ki, 'yata."

Na ajiye farin kwanon, na tsiyaya ruwan. Launinsa kamar an wanke tsatsa, kuma da yake ya sha rana a cikin buta, warin ya tashi har tafinta ya ja kujerarsa baya. Na ce, "Ruwan rijiyarmu ne, da safen nan na jawo, ga shaiduna can. Alhaji ya ce tsarkakakke ne. Ga la'asar ta zo. Za ka yi alwala da shi ka ja mu salla?"

Iyakar abin da na shirya ke nan. Na so ne kawai a kunyata shi. Liman ya ɗauki kwanon, ya kai kusa da fuska, ya ajiye. Sannan ya ce, "Ba a alwala da wannan." Na yunƙura zan tashi, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Tsaya, ban gama ba. Na tsufa, ba na so in tafi da wannan. A makon da ciwon nan ya shigo, kafin a zubar da kokon mahaifiyarki, Alhaji ya same ni a zaure. Ya ce kada ladan ya ƙara cika buta daga rijiya, zai riƙa aiko wa masallaci ruwa. Ya ce in bar maganar tsakaninmu. Na bari."

Tafinta ya juya wa jami'ar maganar a hankali. Ashe Alhaji ya sani. Ranar da ya tsaya a ƙofar masallaci ya ambaci koko, ya riga ya tsare butocin da shi kansa yake alwala da su.

Alhaji ya taso yana gyara riga, ya ce, "'Yata, abin da ya wuce ya wuce, mu bar tone-tone."

Na juyo na kalle shi a karon farko. Na ce, "Ni ba 'yarka ba ce. 'Yar mai koko ce."

Sai ga murya daga baya. Mai gawayi ce ta miƙe, ta riƙe kujerar gabanta da hannu biyu. Ta ce, "Yarona bai taɓa sha koko ba. Nono yake sha. Ruwan rijiya ne na ba shi da cokali." Ta zauna ta rufe fuska. Daga nan mata suka fara tashi ba tare da an kira su ba, kowa da wanda ya kwanta a gidanta, har da waɗanda suka ce mini abin ya wuce. Aka kira salla, ba wanda ya motsa sai da jami'ar ta ce za a ɗebi ruwan a gwada, kuma ba za a saka sunan Alhaji cikin zaɓen ba kafin sakamako ya fito.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba. An hana shi izinin burtsatse, an ce ya rushe bayan gidan. Ranar da aka zo rushewa na rufe shago, na ɗauki kujera na zauna a inuwar katanga, na kalla tun daga bulon farko. Rijiyar dai ba ta dawo ba. An ce ƙasar da ke kewaye da ita ta riga ta sha ƙazanta, aka zuba mata siminti. Wannan ma a wuyansa na ɗora.

Dattawa suka zo gidanmu, mai unguwa a gaba, suka ce Alhaji yana neman gafara. Na ba su ruwa, na durƙusa na ce wadda zai nema ba ta nan. Amma in da gaske yake, ya tsaya inda ya tsaya a wancan karon, ranar Juma'a, ya faɗi sunan Mma, ya ce ƙarya ya yi mata. Suka ce wannan ya yi tsauri ga mutum mai shekaru. Na ce Mma ma tana da shekaru.

Ya yi. Na tsaya a tsallaken lungu tare da mata. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalmansa, sai liman ya ce wa ladan ya miƙa masa lasifika. Sunan Mma ya fita ta kan rufin masallaci, masu shaguna a bakin titi suka ji, direbobin trotro suka ji. Na yi zaton zan yi kuka, ban yi ba. Na koma gida na ci abinci sosai.

Yanzu ina cikin masu kula da ruwan unguwa, ni da mai gawayi. Sabon burtsatsen na jama'a yana can ɗaya ƙarshen lungu, inda mata suka zaɓa, nesa da kowane rami. 'Ya'yan Alhaji mata sukan zo ɗiba, kuma ba na bari kowa ya yi musu gori, domin ba su suka yi ba. Shi kuwa ya tsufa, yana wuni a kan benci a ƙofar gida. In na zo wucewa yakan ɗago hannu ya ce, "Sannu, Hajiya." Mijina ya ce amsa gaisuwa ba ya rage mutum da komai. Na san haka, kuma har yau ban amsa ba.