Hannun Rigar Baba Tela

Makon da maigidana ya rasu, maƙwabcinmu Baba Tela ne ya aiko mini da bencinsa don masu zuwa gaisuwa. Shi kuwa ya kife bokiti ya zauna a kai yana ɗinki, har aka watse.

Tsoho ne mai fara'a. Keken ɗinkinsa na bakin ƙofa, almakashinsa ɗaure da igiya saboda masu aro. Faci ya fi yi yanzu, don ido ya ja baya, amma yana yi yana tsokanar masu wucewa, in an kira salla ya lulluɓe keken da tsohon zane. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa mata suna aure a nesa. Saura autansa, direba, da suke gida ɗaya. Shi ke fito masa da keken da safe, shi ke mayarwa.

Sai na lura hannun rigar Baba yana ƙara tsawo. Ƙyalle yake jona masa har ya rufe bayan hannu, ga zafi ana yi. Ranar da zare ya sarƙe masa, ya naɗe hannun bai shirya ba, sai ga shatin yatsu a wuyan hannunsa, wani ya yi baƙi, wani ɗanye.

"Baba, wa ya riƙe ka haka?"

"Keke ne, 'yar nan. Mun tsufa tare, ya koyi cizo."

"Keken yatsu gare shi?"

Ya yi dariya, ya daɗe yana laluben kafar allura. Can ya ce idan auta ya dawo rai a ɓace, fizgarsa yake zuwa ɗaki kamar buhu. Na ce a gaya wa liman, ko yayyen yaron.

"In na faɗa, yayyensa za su zo su kwashe ni. Ɗaki mai kyau, ga fanka, babu keke. Shi kuma a riƙa nuna shi a titi. Ni na ɗinka masa rigarsa ta fari, ba ta fi tafin hannuna ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ban yarda ba, na kuma gaya masa ban yarda ba. Ya gyaɗa kai, ya ciji zare.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Auta yana jin kunyar idon mutane. In kin ji ƙarar motarsa da yamma, ki fito da ɗinki ki tsaya nan."

"In ba ni da abin ɗinki fa?"

"Ki farke wani. Gyara ai aikina ne."