Ma'ana ta Biyu ta Malam Kilif

Duk makarantar ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Kilif ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Tun yana da baƙin gashi, duk ajin da ya shiga sai ya rubuta musu wata tsohuwar kalmar aikatau ta Turanci, "cleave", wadda su kansu Turawan sun bar wa tsofaffin marubuta waƙa. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Kalma ɗaya, ma'ana biyu, kuma ba sa ga maciji da juna."

Ana nan, hawan jini ya kayar da shi a gaban allo. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma kalmomi suka shiga yi masa wasan ɓuya. Ya nemi cokali, bakinsa ya ce makulli. Abin ya tsorata shi ƙwarai, don da bakin nan yake ci da iyalinsa.

Da ya dawo aiki, shugaban makaranta ya ce zai zauna a bayan aji ya saurara. In darasi ya tafi daidai, Malam ya ci gaba da aikinsa. In ba haka ba, sai ritaya.

"Malam, ka ɗauki darasi mai sauƙi mana," in ji matarsa tana goge masa riga.

"Kalmar nan tawa ko daga barci aka tashe ni na iya ta," ya ce. Cika baki ne kawai.

Ya shiga aji, ya rubuta kalmar tasa. "Ma'ana ta farko, tsagawa, yadda gatari ke raba itace biyu. Ta biyu kuwa..."

Kalmar ta ɓace masa. Ya dubi allo, ya dubi allin da ke hannunsa.  Ɗalibai suka sunkuyar da kai don tausayi. Can sai shugaba ya tashi ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

A bakin makaranta matarsa na jira, don likita ya hana shi tsallaka titi shi kaɗai. Da ganin fuskarsa ba ta tambayi komai ba. Ta kama damtsensa ta riƙe gam. Suna tsakiyar titi ya tsaya cak, ya dubi hannun nata.

"Mannewa," ya ce. "Manne wa abu, a ƙi rabuwa da shi."

"To, na ji, Malam," in ji ta, ta ƙara damƙe shi. "Mu tsallaka tukuna."