Kifin da Ban Yarda Na Ci Ba

Ni mutumin Rano ne, ɗan manomi, kuma ban gaji sana'ar kifi ba. Mahaifina dawa da gyaɗa ya sani. Ni na fara barin gona a gidanmu, da tsohon keke da kwando ɗaya. Nakan je bakin ruwan Tiga ta wajen Rurum, in sayi tarwaɗa da karfasa a hannun masunta, in yi banda da kaina, in kai kasuwar Rano da ta Kibiya. Ba wanda ya ba ni jari. Kafin in yi aure na canja keken da babur, bayan an haifa mini 'yar fari na kama rumfa. Ina faɗar wannan ne don ku samari ku san ba yunwa ce ta kai ni ga abin da na aikata ba. Ina da sana'a a hannu, kuma tana tafiya.

Daga itace abin ya fara. Banda tana son wuta kaɗan-kaɗan da hayaƙi mai tsawo, har ruwan jikin kifin ya ƙare. To amma idan ya bushe sosai sai ya motse, ya rage nauyi. Wata rana itace ya ƙare mini, na sauke kifin bai gama ba. A kasuwa ya fi na kowa cika ido, ga ƙiba ga sheƙi, kafin azahar na sayar da shi duka. Na dawo gida ina lissafi: itace ya ragu, wahala ta ragu, riba ta ƙaru. Daga ranar na daina barin kifi ya bushe.

Kifin da bai bushe ba kuwa ba ya jira. Bayansa yana nan da kyau, cikinsa yana ruɓewa. Wanda ya kwana sai in shafe shi da man gyaɗa, in sa shi a ƙasan kashi, sabo a sama. Da damina ta shigo sai fumfuna da tsutsa suka fi ƙarfina. A nan ne Sale, wani ɗan kifi da rumfarsa ke kusa da tawa, ya nuna mini dabararsa. Fiya-fiya ce, wannan maganin sauro da kyankyaso da ake sayarwa a 'yan kwalabe. Ya ce in zuba kaɗan a ruwa, in tsoma tsintsiya in yayyafa wa kwando, in rufe. Na tambaye shi ko ba ta cutarwa. Ya yi dariya ya ce ai mata suna wanke kifi kafin su sa a miya, wuta kuma tana kashe komai. Ban yarda da maganarsa ba ko a lokacin, amma na karɓi kwalbar.

Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ni ma na je taro, na yi kabbara da ƙarfi, na ji daɗi da aka rufe gidajen giya. A tunanina shari'a ta ɓarayin shanu ce da mashaya. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai yayyafa wa abincin Musulmi guba yana cikin waɗanda ake nufi ba. Lokacin siyasa ne kuma, taro ko'ina, ana dafa abinci da yawa, kifi yana tafiya. Na ƙara ɗakin ajiya, na ƙara kwalabe.

Abu ɗaya ne na kiyaye: kifin gidana daban nake ware shi. In bandace shi har ya bushe ƙayau, in kai wa maiɗakina da hannuna, in ce kada ta kuskura ta aika rumfa a karɓo. Ta ɗauka gata nake yi mata.

A unguwarmu muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Garba tela, a shimfiɗa tabarma, a buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Maƙwabtana kuwa duk a wurina suke sayen kifi. Don haka duk kwanon da aka buɗe na ga miyar kifi, sai in janye hannu. Yau in ce haƙori, gobe in ce na ƙoshi, jibi in ce ƙarnin kifi ya ishe ni tun daga kasuwa. Amma idan kwanon gidana ne, ina ci har in suɗe. Malam Garba ba mai yawan magana ba ne. Wata rana dai ya dube ni ya ce, "Maƙwabci, wannan haƙorin naka ya san kwanon gidanku." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na zauna ina kallon mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci suna cin abin da na san na zuba wa magani, ban hana su ba. Cikin duk abin da na yi, wannan ya fi tsaya mini a rai.

Asirina ya tonu ne ta hanyar wani manomi daga Nariya, Malam Idi. Matarsa ta haihu, ya zo kasuwar Kibiya ya sayi kwando guda don abincin suna da farfesun mai jego. Kwandon nan da safiyar ranar na yayyafa masa, kuma hannuna ya yi nauyi saboda tsutsa ta yi yawa. Har gyara na yi masa, na yi masa barka. Ran suna mutane suka kama amai da gudawa. Mai jego, da yake ita aka fi cika wa kwano, ta faɗi tana zufa, yawu yana zuba, numfashi da ƙyar. A bayan a-kori-kura aka kai ta asibiti, jaririya tana hannun kakarta. Allah Ya yi da sauran kwananta. Ma'aikatan asibiti suka tambayi abin da aka ci, aka kawo ragowar kifin, warin maganin yana nan. Duba-gari da 'yan sanda suka zo ɗakin ajiyata, suka tarar da kwalabe da tsintsiyar a bayan ƙofa.

A gaban alƙali na yi gardama. Na ce maganin na ɓera da kyankyaso ne, ban san yadda ya taɓa kifi ba, tsautsayi ne. Ni ɗan kasuwa ne, na iya magana, har na ga kamar zan fita. Sai aka kira Malam Garba. Bai zage ni ba, bai ƙara komai ba. Ya ce shi dai abin da ya sani, tun damina biyu da suka wuce ban ƙara sa hannu a miyar kifin kowa ba sai ta gidana. Alƙali ya sa aka ɗauko kifi ɗaya daga kwandon shaida aka ajiye a gabana. Ya ce, "Ba zan sa ka ci ba. Tambaya ce kawai. Da na ce ka ci, za ka ci?"

Na dubi kifin. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba zan ci ba."

Ya ce to shi ke nan, na yi wa kaina shaida. Aka yanke mini ɗauri da biyan kuɗin magani.

A gidan yari ba ka zaɓen abinci. Abin da aka zubo maka shi za ka ci, ba ka ga wanda ya dafa ba, ba ka san abin da ya sa ba. A nan na gane matsayin wanda yake sayen kifi a hannuna: amana ya ba ni, ya kai wa iyalinsa ido rufe. Wani ma'aikacin lafiya da yake duba mu ya ce mini wanki da dahuwa ba su isa su raba kifi da wannan guba ba, kuma ko babu ita, ruɓaɓɓen cikin kifi kaɗai yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su kwantar da gida guda. Na yi tuba tsakanina da Allah, na kuma yanke shawara cewa idan na fita kifin nan dai zan koma, don a kansa na ɓata sunana.

Da aka sake ni, Nariya na fara zuwa. Malam Idi ya saurare ni a zaure har na gama. Ya ce ya yafe don Allah, matarsa ma ta yafe, amma kifina ba zai ƙara shiga gidansa ba. Na ce ya yi daidai. A Rano na tarar an ba wani rumfata, babur an sayar. Maiɗakina ta sayar da awakinta ta ba ni kuɗin, ta ce wannan ne na ƙarshe da take da shi. Na yanka ganga na yi murhun banda, na koma bakin ruwa. Ina wanke kifi, in cire hanji, in sa gishiri, in bar shi a hayaƙi har ya bushe. A bakin kasuwa nake shimfiɗa buhu, can kusa da masu itace. Sunana ya koma Mai Fiya-fiya. Mutum zai tsaya ya ce in ba shi na kashe ɓera, a yi dariya, ya wuce. Kifina ya fi na kowa ƙanƙanta saboda ya bushe, masu saye kaɗan ne, yawanci baƙi.

Haka na lallaɓa har damina. Na tara abin da na samu duka na sayi kifi mai yawa, na bandace, na jera a ɗaki. Sai aka yi ruwa kwana da kwanaki, rufin ya yi yoyo ta inda ban lura ba. Da na buɗe kwandunan, fumfuna ta rufe su, tsutsa tana motsi. Jarina ke nan gaba ɗaya, da awakin matata a ciki. Sale ya ji labari ya zo har gida. Ya ce kada in yi wauta, a goge da mai, a yayyafa kaɗan, shi zai kai mini wata kasuwa mai nisa inda ba a san ni ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, saura kaɗan in yarda, don na san dabarar za ta yi aiki. Sannan na ce masa ya tashi ya bar mini gida.

Ran kasuwar Rano na ɗauki hayar amalanke na loda kwandunan. Na je da kaina na kira duba-gari, wanda ya kama ni a da. Na tsaya a filin bayan kasuwa, na fasa kifin ɗaya bayan ɗaya ina nuna wa mutane cikinsa, na gaya musu yadda ake ɓoye irin wannan da mai da magani, na ce ni na sani domin na yi. Sannan na zuba kananzir na kunna wuta. 'Yan kifi suka fusata, wasu suka ce gidan yari ya taɓa mini kai. Cikin masu kallo akwai Inna Asabe, dattijuwar da take sayar da tuwo a tasha, wadda ta fi kowa sayen kifi a kasuwar. Ta matso ta ce, "Ɗan nan, duk naka ne ka ƙona?" Na ce duka. Ta ce, "To kasuwa mai zuwa ka kawo mini kwando. Ga kuɗin, je ka bakin ruwa."

Daga tukunyar Inna Asabe sunana ya dawo. Masu abinci suka biyo ta, matan aure suka fara aikowa. Sun gano cewa ƙaramin kifin nan busasshe yana kumbura a miya, yana wata a ajiye bai lalace ba. Yau ina da gangunan banda a Rurum, ina da ma'aikata, motar Kano tana ɗaukar kayana. Na mayar wa maiɗakina awakinta har da ƙari. Da 'yan kifin kasuwarmu suka tashi zaɓen shugaba, ni suka zaɓa, tsohon fursuna, kuma sharaɗin da na fara kafawa shi ne duk wanda aka kama da kwalba a rumfa ya bar layinmu. Sale ne na farko da ya bari.

Samari masu shiga kasuwa, ku ji daga bakin wanda ya gwada hanya biyun. Ba ranar da na sayi fiya-fiya na lalace ba, tun ranar da na sauke kifi bai bushe ba na ga riba na ci gaba. Idan kayanku sun lalace, asara ce, ku ɗauke ta, ana tashi bayanta. Kada ku sayar wa mutum abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba. Ku kuma masu saye, ku fasa kifi ku duba cikinsa, ku sansana. Idan kun ga kwando a buɗe tsakiyar kasuwa, ƙuda yana sauka ko'ina amma ba ya kusantarsa, ku wuce. Nawa kwandunan da raga nake rufe su. Ku zo rumfata ku gani, ƙuda yana nan yana zagaye ragar yana neman hanya, ni kuwa ina zaune ina kora shi da mafici, hankalina kwance.