Gonata ta Cikin Waya da Jan-baki

Ina cikin kora shanuna zuwa tudu sai matar ɗana ta leƙo ta kan kafaɗata.

"Inna, ina za ki kai su?"

"Ruwa zai zo," na ce da ita. "Ba kya gani?"

Shanun na cikin waya ne, gonar ma haka. Amma kwana uku ke nan ana ruwa a ciki, ga kogi yana bi ta bayan gidan da suka ba ni. Duk wanda aka yanke wa cibiya a Haɗeja ya san abin da ke biyo baya. Na tuge masarar da ba ta nuna ba, na kwashe kaji, na rushe ɗakin na sake kafa shi can sama. Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Inna, wannan kogin ba ya ambaliya. Ado ne kawai."

"Haka aka ce mana a kan namu."

Na zauna a tudu ina jira. Mako guda, ruwa bai taso ba. Agwagi sai yawonsu suke.

Bari in faɗi yadda abin ya shigo hannuna. Ina da gona ta gaske a fadama, ta hanyar Auyo, gadon ubana. Babban ɗana ya daɗe yana so in bar ta, wai gwiwata, wai ƙaramin ɗansa ma ya fi ni sauri. So yake ya ba wani aro ya noma. Na ce ko gawata sai ta leƙa gonar nan kafin a wuce da ita. Da magana ta ƙi ci, sai suka haɗa baki da matarsa, ta saka min wannan wasa a waya don in zauna a gida. Sun ɗauka ban gane ba. Karatu ne na koya da furfura a ajin manya, ba wayo ba.

Gaskiya kuwa, tarkon ya kama. Ka shuka da hantsi, ka girbe da la'asar. Babu ciyawar kacalla da za ta cinye maka gona, babu shanun wani da za su faɗa ciki, babu tsutsa. Saniya ba ta harbi. Maƙwabta su gaishe ka su wuce, ba mai cewa a ara masa turmi. Turancin da ke fitowa in na haɗa baƙaƙen na gaji, sai in danna kore, ja kam ban yarda da shi ba. Sun yi ta tallata min alade, na ce su riƙe abinsu. Akwai wani mutum da ke tsaye a bakin hanya kullum ba ya aikin komai, shi nake kai wa buhu ɗaya cikin goma. Matar ɗana ta ce ai shi ne mai sayen kaya. Na ce to Allah ya ga niyyata.

Shekarun da na yi ina noma, ban taɓa shuka abu ina da tabbacin zan ci ba. A wayar nan ne na fara.

Sai shinkafata ta gaske ta yi nono, jan-baki suka iso. Tsuntsaye ne ƙanana, amma in sun taso sai ka ce hadari, in suka sauka kuma sai dai ka girbi ƙaiƙayi. Ɗana ya zo ya tsuguna.

"Inna, ki bari in sa a yi miki gadi."

"In ka sa wani ya yi gadi, baɗi ka sa wani ya yi shuka. Na san hanyar."

"To mu yi haka. In kin kai ta girbi da kanki, ba zan ƙara maganar gonar ba. In ta gagara, ki bar min."

Na ce na ji.

Gadin ba wani abu ba ne. Rumfa ce a kan ƙafafu a tsakiyar gona, sai igiyoyi da aka ja ko'ina aka rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ka ja, su yi ƙara, tsuntsu ya tashi. Daga fitowar rana har faɗuwarta. Matsalar ita ce hannu biyu Allah ya ba ni, wayar kuma duka biyun take so. Sai na ɗaure uwar igiyar a babban yatsan ƙafata. Ƙafa na gadin wannan gona, hannu na noman waccan. Kwana biyu ina yaba wa kaina.

Rana ta uku saniyata ta cikin waya ta haihu. Sai da na gina wa ɗan maraƙin garke, garken kuma yana son katako, katakon sai an sare bishiya. Ban san lokacin da ƙafar ta daina motsi ba.

Ƙarar babur ce ta sa na ɗaga kai. Gefen gonar na gabas ya yi baƙi ƙirin da jan-baki, har zangarniya na kwanciya. Ɗana ya yar da babur a kan jinga, ya tuɓe babbar riga yana kaɗawa, yana ihu, ya faɗa taɓo har gwiwa. Mutum mai 'ya'ya shida. Ni kuma na shiga harba ƙafa kamar mai jinnu, gwangwanaye suka ruɗe. Da ƙyar tsuntsayen suka tashi.

Ya iso gindin rumfar yana haki. Ya dubi yatsana, ya dubi wayar.

"Inna, yanzu wasa kike tsuntsu na ci?"

"Wa ya saka min shi?"

Ban jira amsarsa ba.

"Ka aiko min ɓarawo gida, sannan ka zo kana ƙirga abin da ya ɓata? Wanda suka ci, rabonka ne suka ci. Saura nawa ne."

Sai ya miƙo hannu, cikin ladabi dai, ya ce in ba shi wayar ya ajiye har a yi girbi. Na ba shi. Na ce a kula da maraƙin, kuma kada kowa ya taɓa min gida.

Na kai ta girbi. Gabas babu komai, amma sauran ta cika, da kwalekwale aka fito da ita. Bai ƙara maganar aro ba.

Ran da ya dawo min da wayar yana ta sunkuyar da kai, matarsa na danne dariya a bakin murhu. Na buɗe. Maraƙin ya zama sa. An ƙara kaji, an sayi injin huɗa, an shuka wasu furanni marasa amfani. Gidan kuma an sauko min da shi daga tudu, an kafa shi a bakin kogi, har da ɗan benci na shan iska.

"Kai, wa ya yi wannan?"

"Ya fi kusa da gonar ne, Inna."

Na gyara zama, na fara da kwashe kaji zuwa tudu.