Dattijon da Ke Neman Ɗansa Cikin Hular Kwano

A wani gidan abinci kusa da benen Tianxiu, matattarar fatakenmu a ƙasar waje, kowa ya zuba wa talabijin ido, Najeriya na buga ƙwallo a Olamfik. Dattijo ɗaya ne ya juya baya. Da alama ɗan Maraɗi ne, gemunsa fari, shayinsa ya huce. Faifai yake kallo a kwamfuta: ƙwallon Amurkawa, ƙarti cikin hular kwano suna bangazar juna. Duk sanda suka danne mutum, sai dattijon ya dafe ƙirji har wancan ya miƙe.

"Baba, wannan ai dambe ne," na ce.

"Ɗana ya aiko mini, yana cikinsu," ya ce. "Ƙwallonku ko ba komai ana ganin fuska. Ni har yanzu ban gane wanne ne shi ba."